Me ya sa har yanzu ake neman shaidar rigakafin shan inna wajen matafiya?

Mutane na yawan tambaya, wai ba tun 25 ga Agustan 2020 aka ce Afirka ta rabu da shan inna ba, to me ya kawo maganar rigakafin foliyo ga maniyyata, manya da gemunsu? Tambayar tana kan hanya.

Dokar ta samo asali ne a watan Mayun 2014, lokacin da hukumar lafiya ta duniya WHO ta ayyana yaɗuwar foliyo a matsayin lamarin gaggawa na ƙasa da ƙasa. Abin da ta ce a taƙaice, mazaunin ƙasar da cutar ke yawo, har baƙon da ya wuce sati 4 a cikinta, ya karɓi rigakafi kafin ya tsallaka boda, kuma rigakafin ya kai sati 4 da yi amma kar ya wuce wata 12, a rubuta masa a katin nan mai ruwan ɗorawa. Wasu ƙasashen dole ne, wasu kuma shawara ce mai ƙarfi, ya danganta da irin ƙwayar da ke ƙasar. Saudiyya ma tana da nata sharaɗin ga alhazai.

Wadda aka gama da ita a 2020 ita ce ƙwayar asali, wadda a Najeriya aka ga ta ƙarshe a Borno a 2016. Wadda ke damunmu yanzu daga ɗigon rigakafin da ake ɗiga wa yara a baki ta fito, kuma gara a faɗa wa mutane gaskiya da su ji a bakin masu jita-jita. Ɗigon yana ɗauke da ƙwaya mai rai amma an raunana ta, yaro ya sha ya samu kariya, ta fita ta kashinsa. In yaran unguwa duk sun sha, nan take mutuwa don ba ta da wurin zuwa. Amma in rabi sun sha rabi an ɓoye su a ɗaki, ga kwata a buɗe ga ruwan sha ba tsafta, sai ta yi ta tsalle daga wannan yaro zuwa wancan wata da watanni, wani lokaci fiye da shekara, har ta rikiɗe ta dawo da ƙarfin shanye ƙafa. Kuma wanda take kamawa shi ne wanda bai sha ba, wannan ne ke min ciwo wallahi.

Abin ya ƙaru bayan Afrilun 2016 da aka cire nau'i na 2 cikin nau'o'in ƙwayar guda uku daga ɗigon yau da kullum a duk duniya, yaran da aka haifa bayan nan suka taso da ƙarancin kariya daga shi. Shi ya sa aka kawo sabon ɗigo nOPV2 wanda ba ya saurin rikiɗa, Najeriya ce ta fara amfani da shi a Maris ɗin 2021.

Babba kuwa zai iya ɗauke ƙwayar a hanjinsa lafiyarsa ƙalau, ko zazzaɓi babu, ya kai ta wata ƙasa. Saboda haka in tafiya ta kama ka, je ka yi da wuri, kar ka bari sai saura kwana uku jirgi ya tashi.