Me ake nufi da sassauta matsin ƙashin baya?

Abin da likitoci ke kira "dikamfureshan" ma'anarsa a ɗauke abin da ya danne jijiya ko laka a cikin ƙashin baya. Sai dai abubuwa biyu ne masu nisa da juna ke amsa wannan suna: ɗaya gado ne mai inji, ɗaya kuwa tiyata ce. Duk wanda aka ce za a yi masa, ya fara tambayar wanne ake nufi.

Ƙashin baya jerin ƙasusuwa ne guda 33, amma 24 ne ke motsi. A tsakaninsu akwai faya-fayen guringuntsi, waje tauri, ciki laushi. Idan bangon faifai ya tsage, abin ciki sai ya ɓullo ya matse jijiya, galibi a faya-faye biyu na ƙarshe, can ƙasan ƙugu. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce bayan da sauƙi, ƙafa ce ta hana shi barci. Zafin ya taso daga ɗuwawu, ya bi bayan cinya, ya gangara har yatsu, wani lokaci kamar ana tsira masa allura. Ga masu shekaru kuwa hanyar lakar ce ke tsukewa. Dattijo ya ɗan taka kaɗan ƙafafu su yi nauyi, sai ya zauna ko ya sunkuya kafin su sake shi.

A na injin, ana kwantar da mutum a ɗaure masa ƙugu da ɗamara, injin ya riƙa ja a hankali yana saki, kamar minti 30 zuwa 45, kuma ana maimaitawa har tsawon makonni. Manufar ita ce ƙasusuwan su ɗan buɗe, faifan ya samu sarari. Wasu kan ji daɗinsa, amma tallan ya fi hujjar yawa. Tun 2016 hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin jinya a Birtaniya, ta ce kada a riƙa amfani da jan ƙashi wajen maganin ciwon ƙugu. Ga shi kuma yawancin masu ciwon nan suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 da magani da motsa jiki kawai, to wanda ya warke a lokacin da yake hawa gadon, inji zai yaba wa. Mai juna biyu, da mai karaya ko ƙari a ƙashin baya, da wanda ƙashinsa ya zaizaye, ba a ɗora su a kai.

Ita kuwa tiyatar, an daɗe ana yin ta. A 1934 likitoci biyu a Amurka, Mixter da Barr, suka wallafa bayanin cewa faifan da ya tsage na jawo wannan ciwo, kuma cire shi na kawo sauƙi. Yanzu ana cire guntun faifan da ya ɓullo ne kawai, ko a yanke ɗan ƙashin da ya rufe hanyar lakar ta baya. Ta fi maganin ciwon ƙafa fiye da na bayan kansa, kuma ba a gaggawar yin ta sai sauran hanyoyi sun gaza.

In banda yanayi guda. Idan fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da sani ba, ko bahaya ya kufce, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafafu suna ta raunana, jijiyoyin ƙarshen laka ne suka matsu. Wannan asibiti ake nufa a ranar, domin jinkiri na iya barin mutum da lahanin da ba ya gyaruwa.