Darajar Motoci Masu Ƙwanji Marasa Yawan Tafiya a Kasuwar Amurka

Motoci masu ƙwanji suna ne da Amurkawa suka laƙaba wa wani rukunin motoci masu ƙofa biyu da ƙaton inji mai silinda takwas, waɗanda kamfanonin birnin Detroit suka yi ta ƙerawa daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970. Galibi ana fara lissafinsu daga Pontiac GTO ta 1964, sannan irin su Chevrolet Chevelle SS da Dodge Charger da Plymouth Barracuda suka biyo baya. Tsadar inshora da dokar rage hayaƙi ta 1970 da ƙarancin fetur na 1973 ne suka taru suka karya kasuwarsu. Matasa ne suka fi sayensu, kuma sun gasa musu aya a hannu da gudu da tsere. Shi ya sa wadda ta kawo yau ba ta sha hanya ba take wuyar samu, kuɗinta kuma ya fita daban.

Tabbatar da tafiyar mota

Mitar tafiya ta motocin wancan zamani gurbi biyar gare ta. Da zarar ta wuce mil 99,999 sai ta koma sifili, saboda haka motar da ke nuna 12,000 tana iya kasancewa ta ci 112,000. Ga kuma masu mayar da mita baya, abin da dokar tarayya ta haramta tun 1972. Don haka gwanin saye ba ya tsayawa kan lambobi. Yakan durƙusa ya duba robar da ke kan birki da kuloci ko ta suɗe, ya shafa gefen kujerar direba inda jiki ke goga, ya karanta shekarar da aka buga a jikin taya. Mai sayarwa zai iya sake fenti ya ɓoye shekarun mota, amma da wuya ya tuna da dukan waɗannan ƙananan wurare.

Takardu sun fi komai nauyi. Ana son lambar da ke jikin inji da ta giya su dace da lambar shasi, alamar cewa kayan da motar ta fito da su daga masana'anta ne har yanzu a cikinta. Akan kuma tsinci takardar haɗa mota da ma'aikata suka cusa ƙarƙashin kujera ko saman tankin mai, ta yi ja ta dafe, amma ita ce ke faɗin launi da inji da duk abin da aka sa mata ranar farko. Motocin Ford suna da rahoton Marti, wanda ake cirowa daga kundin kamfanin, na Pontiac kuma akwai cibiyar PHS mai adana bayanan motocin kamfanin.

Farashi

Manyan gwanjon da ke nuna inda kasuwa ta dosa su ne na Barrett-Jackson a Scottsdale da na Mecum a Kissimmee, duka a watan Janairu. Misalin da aka fi kawowa kan ƙarancin tafiya shi ne Buick GNX ta 1987, wadda guda 547 kacal aka ƙera, ko da yake ta zo bayan wancan zamani, kuma injinta silinda shida ne mai turbo. Sabuwarta ba ta kai dala 30,000 ba. A 2019 an sayar da wata mai mil 8.5 a kan dala 200,000 a gwanjon intanet na Bring a Trailer.

Sai dai farashi mafi tsada ba daga mita yake zuwa ba. Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi, wadda ba a ƙera fiye da dozin ɗaya ba, ta kai dala miliyan 3.5 a Seattle a 2014 saboda ƙarancin irinta da kuma injinta na asali. Kasuwar ba kullum take hawa ba: farashi ya yi sama sosai wajen 2006, ya faɗi warwas bayan rikicin tattalin arziki na 2008.

Akwai kuma motocin da aka saya tun farko don a ɓoye. A 1978 Chevrolet ta fitar da Corvette ta musamman guda 6,502 don tunawa da tseren motoci na Indianapolis. Corvette ba ta cikin wannan rukuni kai tsaye, amma labarinta ya shafe shi, domin mutane da yawa sun kulle tasu da ledar kujeru a jiki suna jiran riba, har ya zama mai ƙarancin tafiya ba abin mamaki ba ce. Haka aka sake yi da Dodge Challenger Demon ta 2018, guda 3,300, da kuma Challenger na ƙarshe kafin a daina ƙera ta a Disambar 2023.

Illar ajiya

Zama wuri ɗaya na cin mota. Fetur yakan lalace ya daskare a cikin kafireto, robobin inji su bushe su fara yoyo, man birki ya sha danshi ya kawo tsatsa, tayoyi su baje ta gefen da ke ƙasa, ɓeraye su gwaguye wayoyi. Wanda ya sayi irin wannan mota yakan shiga tsaka mai wuya, domin in ya canza kayan da suka mutu ya rage asalinta, in kuma ya hau ta kowane mil zai zaftare kuɗinta. Abin tausayi ne a ga injin da aka ƙera domin titi ya ƙare ana tura shi da hannu zuwa cikin tirela. Saboda haka masu son tuƙi na gaske sukan fi neman mai mil 40,000 ko 60,000 wadda takardun gyaranta suka cika, su bar mai mil goma ga masu ɗakin ajiya mai na'urar daidaita zafi da danshi.