Miksar DJ: wace ce ta fi inganci, wace ce ta cancanci kuɗinta?

Duk wanda ya fara ɗaukar sana'ar DJ da muhimmanci yakan iso wurin da zai tsaya ya ce, to wace miksa zan saya? Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu wannan sana'a, tare da amsoshinsu.

Tunda akwai kwantirola mai haɗe da komai, me zai sa mutum ya sayi miksa daban?

Miksa ita ce na'urar da ke zaune a tsakiya: sautin kowane faifai ko na'urar kiɗa yana shiga cikinta ta layinsa, DJ ya daidaita ƙarfinsa, ya rage ko ya ƙara kaurin sautin, ya saurara ta hedifon kafin jama'a su ji, sannan ya sake shi zuwa lasifika. Kwantirola ta ƙunshi duk wannan a jiki ɗaya, amma yawancinsu ba sa motsi sai da kwamfuta. Miksa mai zaman kanta kuwa tana karɓar garmaho, tana karɓar CDJ (na'urar kunna waƙa ta dijital da DJ ke amfani da ita), tana karɓar kwamfuta, kuma idan wani sashe na kayan ya tsufa sai a canja shi kaɗai. Mai koyo a ɗaki kwantirola ta ishe shi. Wanda zai riƙa hawa dandamali yana karɓar wasa daga hannun wani DJ, shi ne miksa ta zame masa dole.

Me ya sa kusan ko'ina Pioneer DJ ake gani? Ita ce ta fi kowa kyau?

Ta fi kowa yaɗuwa, wannan babu musu. Kamfanin na Japan ya fito da miksar DJM-500 a 1995, amma abin da ya kafa shi sosai shi ne na'urar CDJ-1000 ta 2001, wadda ta sa gidajen rawa suka fara ajiye faifan garmaho gefe. Da CDJ ta mamaye rumfar DJ, sai miksar gidansu ta biyo ta: DJM-800 a 2006, DJM-900NXS a 2011, DJM-900NXS2 a 2016, sai DJM-A9 a 2023. A 2020 kamfanin ya koma amsa sunan AlphaTheta, ko da yake sunan Pioneer DJ bai bar jikin yawancin kayan ba.

Abin da mutum ke saya a nan shi ne sabo. Shimfiɗar maɓallan ba ta canja sosai ba tsawon shekaru, don haka DJ zai shiga rumfa cikin duhu, hannunsa ya san inda komai yake. Akwai kuma hanyar haɗi ta PRO DJ LINK, wadda ke sa CDJ ta gaya wa miksa saurin bugun waƙar, sai amsa-kuwwa da sauran kwalliyar sauti su zauna daidai kan kiɗan. Manyan DJ da yawa suna rubuta sunan wannan miksa a takardar buƙatunsu, shi ya sa masu ba da hayar kayan sauti ba su da zaɓi sai su ajiye ta. Wannan kuma shi ke riƙe darajarta a kasuwar kayan hannu.

Sai dai a san cewa wani kaso na tsadarta kuɗin suna ne da matsayi. Wanda ba CDJ yake amfani da ita ba, kuma ba haya zai bayar ba, yana biyan kuɗin abin da ba zai mora ba.

Ana yawan cewa Allen & Heath ta fi daɗin sauti. Gaskiya ne?

Nan ne gardamar ta fi zafi, kuma nan ne ya kamata a ɗan zauna. Allen & Heath kamfanin Ingila ne da ke yankin Cornwall, wanda ya daɗe yana ƙera manyan teburan haɗa sauti kafin ya shiga harkar DJ da jerin Xone. Shahararriyarsu, Xone:92, wadda injiniya Andy Rigby-Jones ya tsara, analog ce: sautin yana ratsa ta a matsayin wutar lantarki daga shiga har fita, ba a mayar da shi lambobi. Miksocin DJM na zamani kuwa dijital ne, suna mayar da sautin lambobi, su sarrafa shi, su sake mayar da shi wuta.

Masoyan analog suna cewa sautinta ya fi ɗumi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman idan aka ɗan matsa mata ƙarfi, domin analog tana murɗe sauti a hankali, dijital kuwa idan ta kai iyaka sai ta yanke shi da kaushi. Amma a ganina babban bambancin yana wurin da yatsu ke taɓawa. Xone:92 tana raba sautin kowane layi gida huɗu: na ƙasa, tsakiya biyu, da na sama, alhali yawancin miksoci gida uku suke yi. Wannan rabon tsakiyar biyu yana ba DJ damar ya janye muryar waƙa ɗaya ya bar gangarta, ya shigo da wata a hankali na tsawon mintoci ba tare da sun yi karo ba. Ga kuma matatan sautinta guda biyu, waɗanda santsinsu ne ya sa masu kiɗan tekno da haus suka rungume ta. Ba ta da kwalliyar sauti ta dijital a ciki, wanda ke so sai ya haɗa wata na'ura daga waje. Xone:96 ta 2018 ta riƙe wannan tsari, ta ƙara katin sauti guda biyu don kwamfuta, da hanyar hedifon biyu don DJ biyu su yi wasa tare.

Pioneer ma ta gane darajar wannan tsari, domin DJM-V10 ta 2020 ta zo da layi shida da rabon sauti gida huɗu. Shi kuma Rigby-Jones ya haɗa kai da DJ Richie Hawtin suka fitar da MODEL 1 a 2016 a ƙarƙashin sunan PLAYdifferently, miksa mai layi shida wadda ba a ma sa mata kurosfeda (madannin saurin sauyawa tsakanin waƙoƙi biyu) ba, saboda an yi ta ne don masu saƙa waƙoƙi a hankali.

Wani abu da ba na gajiya da faɗa: mafi yawan mummunan sautin da ake ji a wuraren rawa ba laifin miksa ba ne. Laifin DJ ne da ya ƙure maɓallin ƙarfi har fitilun awo suka tsaya a ja. Miksa mai matsakaicin kuɗi a hannun wanda ke tsare fitilunsa a kore da ruwan ɗorawa za ta fi mai tsada daɗi a hannun wanda ba ya kallonsu.

Masu gurzar faifai fa, wato masu kai faifai gaba da baya da hannu don fitar da sauti, wace ce tasu?

Su duniyarsu daban. Layi biyu ya ishe su, kuma ransu yana kan kurosfeda, wato madannin da ke zamewa hagu da dama tsakanin faifai biyu. Suna kaɗa shi sau ɗaruruwa a wasa ɗaya, don haka feda mai gogar ƙarfe da ƙarfe ba ta daɗewa sai ta fara ƙara ko ta riƙa yoyon sauti. Rane, kamfanin Amurka daga jihar Washington, ya yi suna da feda mai aiki da maganaɗisu, wadda babu abin da ke gogar wani a wurin karanta motsi. Shi ne kuma ya haɗa kai da Serato, kamfanin manhajar DJ na ƙasar New Zealand, suka fitar da TTM 57SL a 2006, miksar da ta saka katin sautin manhajar a cikinta. Pioneer ta mayar da martani da DJM-S9 a 2015, mai fedar Magvel Pro da 'yan sandunan kunna kwalliyar sauti da yatsa ɗaya, kuma ta ƙwace kaso mai yawa na wannan kasuwa. Yanzu takarar tana tsakanin Rane Seventy da Seventy-Two a gefe ɗaya, DJM-S7 da DJM-S11 a ɗaya gefen. Dukansu ƙarfafa ne. Zaɓi a nan na hannu ne: a je a taɓa fedar, wadda ta bi da yatsu ita ce.

Mai ƙaramin ƙarfi kada ya raina Numark Scratch, wadda ta zo da fedar InnoFader da lasisin Serato a kuɗin da bai kusa na waɗancan ba.

Su Denon DJ da Reloop da sauran masu sauƙin kuɗi, kwaikwayo ne kawai?

A'a. Denon DJ, wanda yake ƙarƙashin rukunin inMusic tare da Rane da Numark, ya fitar da X1800 Prime a 2017 da X1850 bayanta, miksa mai layi huɗu, da ƙofar USB biyu, da wurin haɗa na'urorin kiɗa huɗu a jikinta. Idan aka auna abin da aka samu da abin da aka biya, tana gaban takwararta ta Pioneer. Rauninta shi ne ba a cika samunta a gidajen rawa ba, kuma ranar sayarwa darajarta ta fi saurin sauka. Reloop na Jamus yana da jerin RMX da kuma Elite don masu gurza, kaya ne masu kyau ga mai wasan biki da taro. Ecler na Barcelona ya daɗe yana yin analog mai tsabtar sauti ba tare da hayaniyar talla ba.

Can ƙasa kuma akwai miksoci masu arha sosai, irin na Behringer da ƙananan Numark, da suka dace da koyo ko ajiyar ko-ta-kwana. A wannan mataki abin da masu ƙira ke rage wa kuɗi galibi shi ne feda, da sashen ƙara ƙarfin sautin garmaho, da ƙarfin hedifon, kuma waɗannan ne ke fara nuna gajiya idan aiki ya yi yawa.

Miksocin nan masu maɓallan murɗawa a madadin feda, ado ne ko akwai dalili?

Su ne asali. Bozak CMA-10-2DL ta shekarun 1970 da UREI 1620 da ta biyo ta, su ne miksocin gidajen disko na New York, har da Paradise Garage inda Larry Levan ya yi suna. Murɗawa tana sa shigowar waƙa ta yi laushi fiye da zamiya. Daga baya an samu Rane MP2015, da E&S na Faransa, da MasterSounds na Ingila, da euphonia da AlphaTheta ta fitar a 2024. Suna da tsada, ayyukansu kaɗan ne, kuma sai da lasifika na ƙwarai ake jin fifikonsu. Ba miksar farko ba ce.

Idan miksa tana gabana, sabuwa ko ta hannu, me zan duba?

A fara da bayanta kafin fuskarta. Babbar mafitar sauti ta kasance XLR, wato mahaɗin waya mai ƙafa uku, domin ita ke jure doguwar waya ba tare da kwaso gurnani ba. A tabbatar akwai mafita daban ta lasifikar rumfa mai nata maɓallin ƙarfi. Mai garmaho ya ƙirga layukan da ke karɓar faifai, don ba duka ne ke yi ba. Mai kwamfuta ya tambayi wace manhaja katin sautin ke buɗewa, rekordbox ko Serato ko Traktor, kuma lasisin yana ciki ko sai an sake biya, domin a nan ne kuɗi ke ɓuya.

Sannan a kunna waƙa, a bi kowace feda da kowane maɓalli a hankali daga farko zuwa ƙarshe da hedifon a kunne. Ƙarar ƙas-ƙas, ko sauti da ke ci gaba da fita bayan an rufe feda, alamar lalacewa ce. A sunsuna ta ma, a duba ko maɓallan suna danƙo, saboda abin sha da ya zube a ciki shi ne ajalin miksocin gidajen rawa da yawa.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce ta kayan gyara. Vestax na Japan ya taɓa zama sarkin miksar gurza da PMC-05 Pro, amma tun da kamfanin ya rufe a 2014 masu kayansa suke farautar feda a kasuwar tsofaffin kaya. Miksar da ake kwance fedarta da sukurori kaɗan a sa sabuwa, kuma ake samun mai gyaranta, za ta yi shekaru tana aiki bayan wadda ta fi ta walƙiya ta koma kwali.

To a ƙarshe wace zan saya?

Mai gidan rawa ko mai ba da haya ya sayi DJM-A9 ko DJM-900NXS2 mai lafiya, domin ita baƙinsa za su nema. DJ da ke son ya saba da abin da zai tarar a dandamali amma kuɗin bai kai ba, DJM-750MK2 tana da kusan shimfiɗa ɗaya, sai dai ba ta da PRO DJ LINK, haka ma ƙaramarsu DJM-250MK2 mai layi biyu. Mai son dogon haɗi da sarrafa sauti da hannu ya nufi Xone:96, ko Xone:43 da Xone:23 waɗanda suka gaji matatar sautin gidan a kuɗi mai sauƙi. Mai gurza ya gwada Rane da jerin DJM-S. Wanda kuma kayansa nasa ne shi kaɗai, yana ɗauka yana zuwa taro da su, ni Denon ko Reloop zan nuna masa, ya zuba ragowar kuɗin a lasifika da hedifon masu kyau.