Farcen mai soriyasis ba makero ba ne

Na sha ganin mutum yana ɓoye hannu cikin aljihu saboda farcensa ya yi ƙananan ramuka kamar an tsikara da allura, ƙarƙashinsa ya yi ɗigon rawaya kamar na mai, bakinsa ya ɗaga daga nama. Jama'a sai su ce makero ne, wasu har su ƙi cin abinci da shi. A yi ta shafa maganin makero wata da watanni, shiru.

Waɗannan alamu ne na soriyasis, wata cutar fata da kan taɓa farce. Ga mai ita, garkuwar jikinsa ce take hura kumburi a gindin farce, inda yake tsirowa. Ba a ɗaukar cutar ta hanyar gaisawa. Kusan rabin masu ita tana taɓa musu farce, kuma wannan alama ce da ya kamata likita ya duba gaɓoɓi, don ciwon gaɓɓai yakan biyo baya.

Man shafawa da wuya ya ratsa farce. Shi ya sa idan abin ya yi tsanani ake komawa allurai irin su adalimumab, secukinumab da ixekizumab, waɗanda ke toshe sinadaran kumburin. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a ƙara sakamakon gwajin adalimumab kan soriyasis na farcen hannu a takardar bayanin maganin.

Sai dai kafin a fara, dole a gwada tarin fuka da ciwon hanta, domin allurar na iya tayar da wanda ke kwance. Kuma farcen hannu na ɗaukar kusan wata shida kafin ya sabunta, na ƙafa shekara ko fiye, don haka kada a yanke ƙauna a wata na biyu.