Waiwaye: Yadda baitin Gayatri ya bar kunnen almajiri ya shiga kasuwa

A Indiya akwai baiti guda ɗaya da gardama a kansa ba ta kwanciya. Yau a ce bai halatta mace ta karanta shi ba, gobe wasu su fito da hujjar cewa ya halatta. Jibi kuma rigimar ta koma makarantun gwamnati: shin ya dace a sa shi cikin addu'ar taron safe, alhali a layin akwai 'ya'yan Musulmi da Kirista da Sikh? Ga masu jin zafin yadda ya zama sautin kiran waya da ƙararrawar ƙofa, ga masu ƙorafin an buga shi a jikin rigunan motsa jiki a Turai da Amurka. A 2021, ana tsakiyar korona, har gwaji aka shirya a wani asibitin koyarwa don a ga ko karanta shi na taimaka wa majinyata. Baitin Gayatri ke nan, wanda mabiya addinin Hindu da dama ke kira uwar Veda, tsofaffin littattafansu masu tsarki. Duk Bahaushen da ya taso da kallon finafinan Indiya ya sha jin sa: da asuba, dattijo tsaye cikin kogi, ruwa a tafin hannu, fuskarsa gabas, ana rera "Om bhur bhuvah svah".

Yawancin masu sharhi wayar hannu da intanet suke ɗora wa alhakin wannan hayaniya. Ni a ganina sun makara da wajen shekara ɗari biyu.

Baitin yana cikin Rigveda, mafi tsufa a littattafan Veda huɗu, wanda masana ke kai tsarin waƙoƙinsa wajen shekara 1500 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa, a yankin Fanjab. Waƙoƙi 1,028 ne a littafin, wannan kuwa baiti na 10 ne a waƙa ta 62 ta kashi na uku, kuma ana jingina shi ga wani malami na dā mai suna Vishvamitra. Ɗango uku ne, gaɓa 24. Abin da yake cewa gajere ne: muna tsayar da zukatanmu a kan hasken nan mafifici na Savitar, abin bautar da suke dangantawa da rana, shi ya zaburar da tunaninmu. A littafin da ya cika da roƙon shanu da 'ya'ya maza da nasarar yaƙi, wannan baiti hankali kaɗai ya roƙa, kuma ya roƙa wa jama'a, da lafazin "mu". Nan darajarsa take a wurinsu. Mai riƙo da shi yana maimaita shi da fitowar alfijir, da tsakar rana, da faɗuwarta, sau da yawa da carbi mai 'ya'ya 108.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai an ja shi ba. Baitin ya zama mabuɗin bikin da ake kira upanayana, inda ake rataya wa yaro zare mai tsarki, a lulluɓe shi da mayafi tare da uba ko malami, a raɗa masa baitin a kunne. Daga ranar ana ɗaukarsa an sake haihuwarsa. Littattafan dokoki na dā sun keɓe wannan ga 'ya'ya maza na rukunoni uku na sama a tsarin da ke raba Hindu bisa gidan haihuwa: ɗan Barahmin, wato rukunin malaman addini, yana shekara 8, ɗan mayaƙa yana 11, ɗan 'yan kasuwa yana 12. Rukuni na huɗu, Shudra, wato masu yi wa na sama hidima, babu rabonsu, balle waɗanda ke ƙasa da su. Mace kuma aka ce ɗaurin aurenta shi ne madadin bikin.

To amma doka a rubuce ba ita ta tsare baitin ba. Abin da ya tsare shi, a baki yake zaune, ba a takarda. Albiruni, malamin Musulunci da ya koyi Sanskirit, harshen littattafan Veda, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, ya lura da haka da idonsa. Ya ce Barahmin suna haddace Veda, da yawansu ba tare da sanin ma'anarta ba, kuma ba su yarda a rubuta ta ba, don ana karanta ta ne da wani irin hawa da saukar murya da alƙalami ba zai kama ba. Ya ambaci wani mutumin Kashmir da ya rubuta ta gabanin zamaninsa kaɗan, don tsoron kada ta ɓace. Ko a yau, cikin kwafe-kwafen Rigveda na hannu da ke ajiye a birnin Pune, mafi tsufa mai kwanan wata na 1464 ne. A duba tazarar da ke tsakanin tsara waƙoƙin da wannan shekara, za a ga nauyin da hadda ta ɗauka. Suna da hanyoyin tilawa na gaba da baya, kalma biyu-biyu, uku-uku, don kada gaɓa ɗaya ta zame.

Kuma suna da labarin da suke tsorata almajiri da shi. Wani abin bauta, Tvashtar, ya yi hadaya yana neman ɗan da zai kashe Indra, sarkin ababen bautarsu. Wajen furta roƙon sai ya ɗaga murya a gaɓar da ba ita ba, ma'anar ta juye, aka haifi ɗan da Indra ne zai kashe shi. Wanda ya taso da wannan labari ba zai yarda cewa ana ɗaukar baiti daga takarda ba. Mu ma mun san irin wannan a karatun allo: wanda ya ɗauki karatu a bakin malami da wanda ya tsinta a littafi ba a ajiye su a layi ɗaya. Muddin hanyar samun baitin ita ce bakin malami, malami ne ke da ƙofa, shi ke buɗewa shi ke rufewa. Ko fassara ba ta karya wannan ba. A 1657 yariman daular Mughal, Dara Shikoh, ya sa an juya littattafan Upanishad, wato sashen falsafa na Veda, kusan 50 zuwa Farisanci, amma da hannu ake kwafa, aikin ya tsaya a fada da ɗakunan malamai.

Inda abin ya juya, birnin Kalkata ne, kuma masu ba da tarihin baitin kan tsallake wurin da sauri.

A 1778 aka fara buga littafi da haruffan Bengali na ƙarfe, waɗanda Baturen Ingila Charles Wilkins ya ƙera tare da wani maƙeri ɗan ƙasa, Panchanan Karmakar. A 1800 maɗaba'ar 'yan mishan ta buɗe a Serampore, kusa da birnin. Turawan da ke neman sanin dokokin mutanen da suke mulka suka shiga koyon Sanskirit. Alƙali William Jones, wanda ya kafa ƙungiyar binciken Asiya a 1784, da ƙyar ya samu mai koya masa, kuma wanda ya fara karɓarsa ba Barahmin ba ne, daga zuriyar masu magani ya fito. Jones ya fassara baitin zuwa Ingilishi. Wannan bai girgiza kowa a unguwannin Kalkata ba, don 'yan ƙasa kaɗan ne ke karanta harshen.

Wanda ya kai maganar cikin gida shi ne Ram Mohan Roy. An haife shi a 1772, Barahmin ne gaba da baya, ya iya Sanskirit, ya iya Larabci da Farisanci, har littafinsa na farko da Farisanci ya rubuta shi, da gabatarwa cikin Larabci, yana kare kaɗaita abin bauta. An fi tunawa da shi saboda yaƙin da ya yi da al'adar ƙona matar mamaci tare da gawar mijinta, wadda aka haramta a 1829. Amma daga 1815, da ya zauna a Kalkata, wani aikin ya sa gaba: ya riƙa juya littattafan falsafar Vedanta da Upanishad zuwa Bengali, harshen gida da kasuwa, yana bugawa da kuɗinsa yana rabawa kyauta. A 1818 ya fitar da ɗan ƙaramin littafi da Bengali a kan ma'anar Gayatri. A 1827 ya sake komawa kan baitin da wata ƙasida cikin Sanskirit, da fassararta ta Ingilishi.

A tsaya a dubi abin da wannan ɗan littafi ya yi. Baitin da ake raɗawa ƙarƙashin mayafi ga shi kwance a kan takarda, kwafi da yawa, duk iri ɗaya. Takarda ba ta tambayar asalin mai riƙe da ita. Magatakardan ofis ɗan rukunin ƙasa zai iya ɗauka, matar gida da ta koyi karatu a ɓoye za ta iya buɗewa da rana tsaka. Ba wanda ya soke tsohuwar doka, ba majalisar da ta zauna, sai dai ƙofar da dokar ke gadi ta daina zama ita kaɗai ce hanyar shiga.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi. Ram Mohan bai tsaya ga buga lafazin ba, ya sa ma'ana a gaba. A karatunsa, hasken da baitin ke magana a kai ba ƙwallon ranar da ake gani ba ne, Mahalicci ne guda ɗaya da ke juya rana da zukata baki ɗaya, kuma ibadar ita ce mutum ya san abin da yake faɗa ya yi tunani a kai. Ya kafa hujja da maganganun malaman dā, bai ƙirƙiro daga kansa ba. Amma da zarar an ce ruhin baitin a ma'anarsa yake, tambaya ta gaba tana nan tafe: in haka ne, me zai hana duk mai hankali ya riƙe shi? Baitin da kansa hankali yake roƙo, kuma hankali bai san rukuni ba. Malaman gargajiya na birnin sun gane inda maganar ta dosa tun da wuri. A 1817 ɗaya daga cikin manyansu ya buga raddi, yana ƙin a fito da ilimi mai tsarki cikin harshen kowa da kowa. Sai dai shi ma raddin da Bengali ya rubuta shi, kuma a injin ɗab'i aka buga, don babu wata hanyar da zai kai ga mutanen da yake son ya tsare.

Ban ga laifin kowa a nan ba. Ram Mohan da kansa bai cire zarensa ba, da shi ya rasu a Bristol ta Ingila a 1833. Masu adawa da shi kuma ba rowa kaɗai ke damunsu ba, suna tsoron asarar wani abu na gaske. Akwai shaida a cikin gidan da ya gāji tafiyarsa. Rabindranath Tagore, mawaƙin da ya ci kyautar Nobel a 1913, ɗa ne ga jagoran Brahmo, ƙungiyar gyaran addini wadda Ram Mohan ya assasa a 1828. An yi masa bikin zare a 1873 yana shekara 11, aka aske masa kai, aka killace shi kwana uku tare da 'yan'uwansa. Daga baya ya ba da labarin wata rana da ya zauna a daɓen ɗakin karatu yana maimaita baitin, hawaye suka zubo masa, alhali a wannan shekarun bai fahimci abin da yake nufi ba. Wato ko a gidan masu fifita ma'ana, sautin ya yi aikinsa shi kaɗai.

Sauran tarihin kan hanyar da aka riga aka share ya bi. Tsakanin 1849 da 1874 Max Müller ya buga Rigveda gaba ɗayanta a Ingila, mujalladi shida. A 1875 Dayananda Saraswati ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a Bombay, yana cewa Veda haƙƙin kowa ce, har mata da Shudra. A 1898 malamin Hindu Vivekananda ya rataya wa waɗanda ba Barahmin ba zare, ya ba su baitin. Shriram Sharma ya gina cibiya a Mathura a 1953, da wata a Haridwar a 1971, ya mayar da karanta Gayatri harkar miliyoyin mutane, maza da mata. A shekarun 1980 kaset mai araha ya shigo, aka sa wa baitin kiɗa, muryoyin mata suka rera shi a shaguna da motocin haya. Waɗannan su ake yawan ambata a matsayin mafari, amma kowannensu ya tarar da baitin a buge, da fassararsa a gefe.

Shi ya sa gardamar yau ke yawan zama ta kurame. Mai cewa baitin na kowa ne yana magana a kan ma'ana, mai cewa an wulaƙanta shi yana magana a kan sauti da silsilar malamai, kowa da abin da yake kira Gayatri. Wasu malaman gargajiya ma cewa suke abin da ke fita daga ƙararrawar ƙofa waƙa ce kawai, tunda ba a karɓe ta daga bakin kowa ba. A birane har yanzu iyaye na kashe kuɗi su yi bikin zare, su raɗa wa yaro baitin da ya riga ya haddace daga wayar mahaifiyarsa. Ni zuciyata tana tare da waɗanda aka tsare a waje shekaru aru-aru saboda gidan da aka haife su, kuma ba na ganin akwai hujjar da za ta mayar da su. Amma wanda ransa ya ɓaci da ya ji wuridinsa na asuba ya yanke a tsakiya don an ɗaga waya, shi ma yana da gaskiyarsa, kuma bai kamata a haɗa shi da mai kare wariya ba. A 2003 hukumar UNESCO ta sa tilawar Veda cikin kayan gadon ɗan Adam da ake kiyayewa, abin da ke nuna cewa makarantun haddar ne yanzu ke buƙatar kariya.

Inda rigimar ta fi zafi a yanzu shi ne wa zai koyar, wa zai jagoranci biki. Masu goyon bayan mata suna kawo sunayen Ghosha da Apala da Lopamudra, matan da ake jingina wa wasu waƙoƙin Rigveda, da Gargi wadda ta ja da babban malami Yajnavalkya a fadar sarki Janaka. Tun shekarun 1970 ake horar da mata aikin jagorancin ibada a Pune, kuma yau suna ɗaura aure, suna bikin suna, wasu har suna rataya wa 'yan mata zare. Akwai iyalan da suka fi son su, don suna bayyana ma'anar abin da suke karantawa da harshen Marathi. Akwai kuma manyan gidajen ibada da cibiyoyin gargajiya da har yau ba su karɓe su ba.