Gane asalin tsohon takobi ta tambari da ado

Tsohon takobin ƙasar Hausa, Abzin ko Borno ba kasafai yake fitowa daga hannu ɗaya ba. Ruwansa dabam, ƙotarsa dabam, kubensa kuma aikin dukawa ne, ana sake shi duk lokacin da ya lalace. Saboda haka masana kan duba kowane sashe shi kaɗai.

Da ruwan ake farawa. Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takubba masu yawa daga Solingen ta ƙasar Jamus, a ɗaura musu ƙota a Kano. Tambarin da aka fi gani a kansu su ne kyarkeci mai gudu, wanda asalinsa na maƙeran garin Passau na Jamus ne, da zaki, da dunƙule mai gicciye a kai, da jinjirin wata biyu masu fuskar mutum. Sai dai tambari shi kaɗai ba hujja ba ne, domin maƙeran Sahel sun kwaikwaye shi, musamman watan nan biyu, don masu saye na ganin alamar ƙarfe mai kyau ce. Bugun masana'anta yakan nutse sosai, gefensa tsaf. Na kwaikwayo sau da yawa sara ne kan sara, fuskar watan ta zama 'yan layuka kawai. Haka kwarin da ke bin tsawon ruwan: uku ne siraru a yawancin takubban Buzaye, na Turai miƙe suke sumul, na gida kuwa sukan ɗan karkace, zurfinsu bai daidaita ba. Ruwa mai kyau idan aka ɗan lanƙwasa shi zai koma yadda yake.

Ƙota ce ke faɗin inda aka ɗaura shi. Makarin hannu mai faɗi da aka lulluɓe da fata ko tagulla, da ƙarshen ruwa mai zagaye, na yankin Agadas da ƙasar Hausa ne. Siririn makari na ƙarfe tsirara, da kan ƙota mai kamar faifai, da kube mai faɗaɗa wajen ƙarshe, na Sudan da gabashin Chadi ne. Idan rubutun Larabci da aka ci da asid ya rufe ruwan, galibi na zamanin Mahadiyya a Sudan ne, 1881 zuwa 1898.

Babbar ɓarna ita ce goge tsatsa da sanfefa ko injin wasa, domin da tsatsar tambarin yake tafiya. Mai kaɗan da ƙyalle mai laushi sun isa.