Ma'anar aro a laburaren kwaleji

Hausa ta bambanta aro da rance tun kafin a san laburare. Wanda ya ranci kuɗi ko hatsi ba waɗancan ɗin zai dawo da su ba, kwatankwacinsu zai biya, domin na farkon ya riga ya ci ko ya kashe. Wanda ya ari abu kuwa, abin nan da kansa zai mayar, ba ɗan'uwansa ba. Haya tana da kuɗi a kanta, kyauta ba a jiran dawowarta, ajiya kuma ba a ba ka ita don ka mora ba. Aro shi ne a ba ka amfanin abu ba tare da an ba ka abin ba, kyauta, zuwa wani lokaci. Duk dokokin da ɗalibi ke gani manne a bakin ƙofar laburaren kwaleji daga wannan ma'anar suka fito, kuma wanda ya gane ta ba sai an yi masa dogon bayani a kan sauran ba.

Malaman fiƙihu suna kiran wannan "ariya", kuma sun yi saɓani mai kyau a kanta. Hanafawa suna ganin abin aro amana ne a hannun mai aro, idan ya lalace ba da sakacinsa ba, babu ramuwa. Shafi'awa da Hambalawa suna ɗora masa lamuni, wato zai rama ko da ba sakacinsa ba ne. Malikawa suka raba: abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufafi, mai aro zai rama idan ya ce ya ɓata, sai in ya kawo shaida, abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba, ana gaskata shi in ba ƙaryarsa ta bayyana ba. Littafi abu ne da ake sakawa a jaka, don haka ba wuya a gane ɓangaren da ya faɗa. Laburaren zamani bai tsaya tambayar dalili ba, ya ce duk littafin da aka rubuta da sunanka yana wuyanka har ranar da aka goge sunan.

A nan ne ɗalibai da yawa ke shiga matsala ba su sani ba. Aboki ya zo ya ce katinsa ya cika, ka taimaka ka ɗaukar masa littafi da naka. Ko ka gama karantawa ka miƙa wa wani kai tsaye, da niyyar shi zai mayar. A wurin laburare ba a san wannan mutumin ba. Katin aro shaida ce ta mutum ɗaya, shi ya sa kusan kowace kwaleji take hana bayar da shi ga wani. Aron aro ba shi da gurbi a rajista.

Barin kowa ya fita da littafi daga laburare ba tsohon abu ba ne kamar yadda ake zato. A zamanin da ake rubuta littafi da hannu, kwafi ɗaya na iya cin watanni, ɗakunan karatu da yawa a Turai ɗaure littattafansu suke yi da sarƙa a jikin kanta. Har yau akwai irin wannan ɗakin a babban cocin Hereford a Ingila, littattafai jere da sarƙoƙinsu, bakin shafukan na kallon waje. Laburaren Bodleian na Jami'ar Oxford, wanda aka buɗe a 1602, ya kafa dokar cewa ba a fita da littafi ko kai wane ne. A 1645 Sarki Charles na Ɗaya ya aika a ara masa littafi, aka nuna masa dokar, ya haƙura. A ƙasashen Musulmi kuma takardar waƙafi ce ke faɗin sharaɗi. Lokacin da Ibn Khaldun ya ba laburaren Ƙarawiyyin na birnin Fas a Maroko kwafin littafinsa na tarihi a 1396, an rubuta cewa ba za a ara shi ba sai ga amintacce, da jingina, kuma kada ya wuce wata biyu. Abubuwa uku ke nan: sanin mai aro, abin riƙo, da wa'adi. Su ne dai har yau, sai dai katin ɗalibi ya maye gurbin sani, takardar sakamakon karatu, wadda ake iya riƙewa har sai an mayar da littafi, ta maye gurbin jingina.

Wa'adi shi ne zuciyar maganar, kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ɗalibi yana ɗaukarsa takura ce daga ma'aikatan laburare. Ni ba haka nake ganinsa ba. A ce aji yana da mutum ɗari biyu, malami ya ce a karanta babi uku na wani littafi, laburare kuma kwafi biyar yake da shi. Babu yadda za a raba takarda biyar ga mutum ɗari biyu, abin da ake iya rabawa kawai shi ne lokaci. Ranar da aka buga a bayan littafin ita ce ranar da rabon wani yake farawa. Wanda ya riƙe littafi mako guda bayan wa'adi bai ƙwari ginin laburare da komai ba, kwanakin ɗan ajinsu ya cinye, kuma sau da yawa a makon jarrabawa ne. Masanin laburare ɗan ƙasar Indiya, Ranganathan, ya shimfiɗa ƙa'idoji biyar a 1931, ta farko ita ce littafi don amfani aka yi shi, ta huɗu kuma a tattala lokacin mai karatu. Littafin da ke kwance ƙarƙashin gadon wani ya saɓa wa duka biyun.

Daga nan ne bambancin wa'adi ya samo asali. Littafin da ba a rububinsa ana iya ba da shi mako biyu zuwa huɗu ga ɗalibin digirin farko, a ba masu karatun gaba da digiri da malamai abin da ya fi haka, wani lokaci zangon karatu guda, saboda bincikensu yana jan lokaci. Haka ma yawan littattafan da mutum zai riƙe a lokaci ɗaya yana bin matakinsa. Wasu na kallon wannan a matsayin fifiko, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki idan malami ya tara littattafai a ofis shekara guda ba ya buɗe su. Maganin wannan shi ne kiranye, wanda zan zo kansa.

Akwai kuma littattafan da aka keɓe. Malami ne ke sanar da laburare cewa darasinsa zai dogara da littafi kaza, sai a cire shi daga kantar kowa a ajiye bayan teburin ma'aikata. Irin wannan da awa ake aronsa, awa biyu ko uku, ko a ba ka da yamma ka dawo da shi da safe. Tararsa ma da awa ake lissafawa, kuma ta fi ta sauran zafi. Mai ganin an yi masa rowa ya tuna cewa ba don wannan tsarin ba, mutum biyar ɗin da suka riga kowa zuwa su ne za su kwashe kwafin su tafi da shi har ƙarshen zango.

Sai waɗanda ba sa fita sam. Ƙamus, kundin sani, taswirori, littattafan ƙididdiga, duk abin da ake buɗewa don a duba abu ɗaya a rufe. Amfaninsu yana cikin samun su a wurinsu kowane lokaci. Mujallun bincike ma galibi a ciki ake karanta su, haka kundayen digiri da ɗaliban baya suka rubuta da tsofaffin rubuce-rubucen hannu, domin sau da yawa kwafin nan shi kaɗai ne a duniya, in ya tafi ya tafi ke nan.

Kalmomi uku suna yawan rikita sabon ɗalibi, kuma dukkansu a kan wa'adi suke aiki. Sabuntawa ita ce ka nemi ƙarin lokaci kafin naka ya cika. Ana yi a teburin aro ko ta shafin laburare a intanet, amma ba haƙƙi ba ce da babu sharaɗi: idan wani yana jiran littafin ba za a sabunta maka ba, kuma yawancin wurare suna da iyakar sau nawa za a yi. Kama layi shi ne ka je neman littafi ka tarar yana hannun wani, sai ka sa sunanka, da ya dawo a ajiye maka na 'yan kwanaki a sanar da kai. In ba ka zo ba a miƙa wa na bayanka. Kiranye ya fi su nauyi. Shi ne laburare ya gajarta wa'adin da ya riga ya ba ka saboda wani ya nemi littafin. Ka ɗauka da alkawarin wata uku, bayan mako biyu saƙo ya zo cewa ka dawo da shi cikin kwana bakwai. Mutane suna jin haushin wannan, suna cewa an saɓa alkawari. Ba a saɓa ba, tun farko da wannan sharaɗin aka ba da dogon wa'adin, kuma ba don kiranye ba da babu laburaren da zai yarda ya ba kowa littafi na zango guda. Wanda zai yi tafiya lokacin hutu da littafin laburare a jakarsa ya kamata ya san cewa kiranye ba ya jiran dawowarsa.

Tara ita ce abin da aka fi sani kuma aka fi ƙi. Ba kuɗin haya ba ce, kuma biyanta ba ya halatta riƙe littafin. An sa ta ne don ta tunatar. Sai dai masana harkar sun daɗe suna tambayar ko tana yin aikin da aka ɗora mata. A 2019 ƙungiyar laburarorin Amurka ta zartar da matsaya cewa tarar kuɗi tana hana marasa ƙarfi cin moriyar laburare. A shekarar ne laburaren jama'a na Chicago ya daina cin tarar jinkiri, na New York ya bi sahu a 2021. Hujjarsu mai ƙarfi ce: mai kuɗi yana biya ya ci gaba da riƙe littafi, marar kuɗi kuma kunya da tsoron bashi suna korarsa, shi bai dawo ba, littafin bai dawo ba. Kwalejoji da dama sun ɗauki hanyar tsakiya, suka yafe tara a kan littattafan da ba wanda ke jira, suka bar ta a kan keɓaɓɓu da waɗanda aka yi wa kiranye. A ganina wannan ya fi kusa da adalci, domin yana hukunta cutar da wani ne, ba mantuwa kawai ba. Dakatar da kati har sai an dawo da littafi ma yana aiki, kuma bai san mai kuɗi da talaka ba.

Idan littafi ya ɓata fa? Abu mafi muni shi ne yin shiru. Tara tana ta hawa, bayan wani lokaci a rubuta littafin a matsayin ɓatacce, a ɗora kuɗin sayen sabo da kuɗin aikin shigar da shi. Wannan na biyun yana ba mutane mamaki, amma littafin da aka sayo daga kasuwa bai zama na laburare ba sai an ba shi lambar shiga, an rubuta bayanansa a kundin bincike, an manna masa lambar gurbi bisa tsarin Dewey, wanda aka fara bugawa a 1876, ko tsarin laburaren Majalisar Dokokin Amurka da manyan jami'o'i ke bi. Wasu wuraren suna karɓar sabon kwafi a madadin kuɗi idan bugu ɗaya ne, to amma a tambaya kafin a saya. Lalatawa ma ɓatarwa ce: jan layi da biro, naɗe kunnen shafi, jiƙewa, balle yage babi. Wanda ya yage shafi goma ya fi wanda ya sace littafin ɓarna ta wata fuska, domin kundin yana nuna littafin yana nan lafiya, ba wanda zai sayo wani, sai mai karatu ya kai tsakiya ya tarar da giɓi. A ƙarshen karatu kuma yawancin kwalejoji ba sa sallamar ɗalibi sai laburare ya sa hannu cewa ba ya bin sa komai.

Dokokin ba ɗalibi kaɗai suke ɗaurewa ba, laburaren ma yana da nasa nauyin. Babba a ciki shi ne sirri. Ma'aikaci nagari ba ya faɗa maka sunan wanda littafi yake hannunsa, ko da malami ne ya tambaya, iyaka ya sa ka a layi ko ya yi kiranye. Abin da mutum ke karantawa yana iya tona rashin lafiyarsa, ko damuwarsa, ko ra'ayinsa, kuma ɗalibin da ke tsoron a gani ba zai ɗauki littafin da yake buƙata ba. Tsohon tsarin kati a aljihun littafi yana barin sunayen masu aro a fili. Na kwamfuta da yawa an tsara su su raba sunan mutum da littafin da zarar ya dawo. Nauyi na biyu shi ne nemo abin da babu. Idan laburarenku ba shi da littafi, yana iya aro shi daga wani laburaren da sunansa ya ba ka. A nan shi ma mai aro ne, wa'adin na masu littafin ne, kuma jinkirinka yana iya sa a daina ara wa kwalejin gaba ɗaya.

Littafin lantarki ya zo ya ɗan girgiza kalmar. Babu abin da ake ɗauka, babu abin da ake mayarwa, wa'adi na cika fayil ɗin yake rufe kansa, don haka babu tara. Duk da haka ɗalibi yakan ga an ce masa ya jira, wani yana karantawa, ya yi mamakin yadda abin da ba takarda ba zai ƙare. Dalilin shi ne laburare bai mallaki littafin ba, izinin amfani ya saya daga kamfanin ɗab'i, kuma izinin ne ke faɗin mutum nawa za su buɗe a lokaci guda, shafi nawa za a iya bugawa, da shekarar da zai ƙare. Wani izinin na mai karatu ɗaya ne, wani na uku, wani ba iyaka, kuma kowanne da farashinsa. Shi ya sa littafin da ɗalibi ya karanta a zangon farko zai iya nemansa a na biyu ya tarar babu shi a kundin, ba don wani ya ƙi dawo da shi ba, sai don wa'adin da aka ba laburaren ne ya cika.